Gudun Duniya a Addinin Magidanta: Nazarin Tsofaffin Ɗariƙun Sikh da Tafarkinsu na Zuhudu

Tsakure

Addinin Sikh ya ginu a kan koyarwar da ta fifita rayuwar magidanci a kan ta mai ƙaurace wa jama'a. Duk da haka, tun daga ƙarni na 16 aka sami ƙungiyoyi a cikinsa da suka rungumi zaman rashin aure da yawon ibada da barin dukiya. Wannan maƙala ta nazarci huɗu daga cikinsu, wato Udasi da Nirmala da Sewapanthi da Nihang. Ta dubi asalinsu da ayyukansu na zuhudu da hidimar da kowace ta yi wa al'umma, sannan ta bi diddigin yadda aka ture wasunsu gefe tsakanin 1873 da 1925. Maƙalar ta gano cewa buƙatar al'umma a lokacin tsanani ce ta ba masu zuhudu gurbi, dukiyar waƙafi kuma ita ce ta raunana matsayinsu.

Fitilun kalmomi: Sikh, zuhudu, ɗariƙa, Udasi, Nirmala, Sewapanthi, Nihang

1.0 Gabatarwa

Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469 a Talwandi, garin da a yau ake kira Nankana Sahib a ƙasar Pakistan, ya kuma rasu a Kartarpur a 1539. Jagorori tara suka biyo bayansa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu shi ne Guru Gobind Singh. Kafin rasuwarsa a 1708, Gobind Singh ya miƙa jagoranci ga littafi mai tsarki, Guru Granth Sahib. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mabiya addinin sun kai kimanin miliyan 20.8 a ƙasar, mafi yawansu a jihar Punjab.

Siffar da duniya ta sani ta mabiyin Sikh ita ce ta ɗan Khalsa, wato jama'ar da Guru Gobind Singh ya kafa a Anandpur a 1699. Alamominsa biyar ne: gashin da ba a askewa, da matajin katako, da munduwar ƙarfe, da gajeren wando, da wuƙa. Amma wanda ya ziyarci wuraren ibadar Punjab a farkon ƙarni na 19 zai tarar da masu shafa toka suna kula da su, masu jajayen riguna kuma suna karantar da littafin da hujjojin falsafar Hindu. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: ta yaya addinin da ya soki gudun duniya ya ba masu gudun duniya irin wannan matsayi, kuma me ya raba su da shi daga baya?

2.0 Batun Kalmomi

A harshen Punjabi ana kiran waɗannan ƙungiyoyi samparda, kalmar da ta samo asali daga Sanskirit, mai nufin abin da aka miƙa daga malami zuwa almajiri. Kalmar mazhaba ba ta dace da ita ba, domin saɓaninsu ba na fiƙihu ba ne. Kalmar ƙungiya kuma ta yi faɗi da yawa. An zaɓi ɗariƙa saboda siffofi uku da samparda ke da su: salsalar malamai da ke komawa ga ɗaya daga cikin jagororin goma, da tarbiyya a hannun shugaba, da mazaunin almajirai. Wannan mazauni ana ce masa dera ko akhara, a nan kuma za a kira shi zawiyya. Aron kalmomin na sauƙaƙa fahimta ne kawai, bai nufin aƙidar ɗaya ce da ta Sufaye.

Wajibi ne kuma a bambanta waɗannan ɗariƙu da ɓangarorin da suka ɓalle saboda rikicin gado, kamar mabiyan Prithi Chand, yayan Guru Arjan, da mabiyan Dhir Mal da na Ram Rai. Waɗancan sun yi jayayya a kan wane ne jagora. Ɗariƙun da ake nazari a nan sun bambanta ne a tsarin rayuwa da hanyar fassara koyarwa.

3.0 Matsayin Guru Nanak Game da Zuhudu

Nanak ya rayu a zamanin da masu yoga na tafarkin Nath ke da kwarjini a Punjab. Suna huda kunne, suna shafa toka, suna zama a duwatsu, suna kuma rayuwa da bara. A cikin Guru Granth Sahib akwai doguwar waƙa mai suna Sidh Gosht wadda ta ƙunshi muhawararsa da su. Jigonta shi ne cewa tsarkin zuciya ana samunsa ne ta ambaton sunan Ubangiji a tsakiyar jama'a. Ruwayoyin rayuwarsa sun ƙara da cewa ya zarge su da barin gidajensu sannan su dawo suna roƙon abinci a ƙofar magidanta.

Bayan tafiye-tafiyensa, Nanak ya zauna a Kartarpur ya kama noma. Mabiyansa suna taƙaita koyarwarsa a ginshiƙai uku: ambaton Ubangiji, da cin gumin kai, da rabawa da wasu. Daga nan ne aka sami al'adar langar, wato ɗakin girkin da ke ciyar da kowa a sahu ɗaya ba tare da duban asali ba. Da ya zo naɗa magaji, ya tsallake 'ya'yansa biyu, Sri Chand da Lakhmi Das, ya zaɓi almajirinsa Lehna, wanda ya zama Guru Angad. Wannan zaɓi shi ne mafarin ɗariƙa ta farko.

4.0 Ɗariƙun Huɗu

4.1 Udasi

Sri Chand, babban ɗan Nanak, an haife shi a 1494, bai kuma taɓa aure ba. Sunan mabiyansa ya fito daga kalmar Sanskirit udasin, wato wanda bai damu da duniya ba. Da wannan kalma ce kuma ake kiran tafiye-tafiyen Nanak, abin da 'yan ɗariƙar ke kafa hujja da shi cewa su ne suka gaji rayuwarsa ta matafiyi. Ruwayoyin Sikh sun ce Guru Amar Das, jagora na uku, ya raba tafarkin magidanta da na Udasi. Daga baya an sami kusanci, domin Baba Gurditta, babban ɗan Guru Hargobind, shi ya gaji Sri Chand a shugabancin ɗariƙar. A ƙarƙashinsa aka kafa rassa huɗu da ake kira dhuan, wato murhu, a hannun Almast da Balu Hasna da Phul da Goind.

Murhu shi ne cibiyar ibadarsu. Suna hura wutar da ba a bari ta mutu, suna shafa tokarta a jiki don tuna makomar gangar jiki. Wasu na barin gashinsu ya murɗe, wasu na aske shi ƙwal. Suna sanya tufa mai launin jar ƙasa, wasu kuma bante kawai, suna riƙe da awartakin ƙarfe da ƙoƙon bara. Suna horar da jiki da numfashi bisa tsarin yoga. Suna girmama Guru Granth Sahib, amma a zawiyyoyinsu ana samun siffar Sri Chand da ta allolin Hindu a gefensa.

Wannan kama tasu da masu zuhudun Hindu ita ce ta yi wa al'umma rana a ƙarni na 18. Bayan kashe Banda Singh Bahadur a Delhi a 1716, gwamnonin daular Mughal a Lahore, musamman Zakariya Khan, sun sa lada a kan kawunan 'yan Khalsa. Masu dogon gashi da rawani suka fantsama dazuzzuka da hamada. Udasi kuwa ba su da alamar da za ta tona su, don haka suka ci gaba da kula da wuraren ibada da kwafar littattafai da karantar da rubutun Gurmukhi. Sun kai koyarwar Nanak wurare masu nisa da Punjab. Zawiyyar Brahm Buta da ke kusa da babban wurin ibada na Amritsar, da Sadh Belo da Baba Bankhandi ya kafa a 1823 a wani tsibiri cikin kogin Indus kusa da Sukkur, suna daga cikin cibiyoyinsu sanannu.

4.2 Nirmala

Nirmala na nufin marar dauɗa. Ruwayar ɗariƙar ta ce Guru Gobind Singh ya tura almajirai biyar zuwa Banaras cikin shigar masu zuhudu don su koyi Sanskirit, bayan wani malamin Brahmin ya ƙi karantar da mutanen da yake ganin asalinsu bai kai ba. Masanin tarihi W. H. McLeod ya yi shakkar wannan ruwaya saboda ƙarancin ambaton Nirmala a rubuce-rubucen da suka gabaci ƙarni na 19. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa a wannan ƙarni sun zama manyan malaman al'umma.

Zuhudunsu na ɗalibi ne. Ba sa aure, ba sa cin nama, ba sa aske gashi, suna sanya jar tufa ko fara, suna kuma ƙarar da rayuwa a karatu da yawon wa'azi. Suna fassara Guru Granth Sahib da ma'aunin falsafar Vedanta, wadda ke koyar da cewa hakikar rai da hakikar Ubangiji ɗaya ce. Pandit Gulab Singh ya rubuta Moksh Panth a ƙarni na 18. Pandit Tara Singh Narotam, wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1891, ya wallafa Gurmat Nirnay Sagar da ƙamusun kalmomin littafi mai tsarki. Giani Gian Singh ya fitar da tarihin al'umma a waƙe, Panth Prakash, a 1880. Lokacin da Bajamushe Ernest Trumpp ya buga fassararsa ta Turanci a 1877 da gabatarwa mai cike da raini, Sarkin Faridkot ya ɗauki nauyin cikakken sharhin littafin, wanda aka rubuta bisa tafarkin Nirmala.

A 1862 sarakunan Patiala da Nabha da Jind sun taimaka aka kafa musu babbar zawiyya ta haɗin gwiwa, wadda hedikwatarta ke Kankhal kusa da Haridwar. Har yau, daga cikin zawiyyoyi 13 da ke da jerin gwano a babban taron wanka na Kumbh Mela, biyu na Udasi ne, ɗaya kuma ta Nirmala.

4.3 Sewapanthi

Sewa na nufin hidima. Ɗariƙar na danganta kanta ga Bhai Kanhaiya, almajirin Guru Tegh Bahadur, wanda ya rasu a 1718. An ruwaito cewa a yaƙin Anandpur yana yawo da salkar ruwa yana shayar da duk wanda ya ji rauni, har da sojojin abokan gaba. Da mayaƙa suka kai ƙararsa, Guru Gobind Singh ya amince da aikinsa, ya ƙara masa da maganin shafawa. Sewa Ram da Addan Shah ne suka tsara ɗariƙar bayansa, shi ya sa ake kuma kiran ta Addanshahi. Ta yi ƙarfi a yammacin Punjab, tsakanin kogin Indus da na Jhelum, yankin da Musulmi suka fi yawa.

Sewapanthi sun bambanta da sauran masu zuhudun Indiya ta fuska guda mai muhimmanci: ba sa bara, ba sa rayuwa da sadaka. Sana'arsu ita ce tufkar igiya da wata ciyawa mai suna munj, su sayar su ci, rarar kuma su haƙa rijiyoyi su gina masaukin matafiya. Ba sa aure, suna sanya farar tufa marar ado, suna kuma kaffa-kaffa da ran kowace halitta. Da haka suka haɗa rashin aure da sharaɗin Nanak na cin gumin kai, suka kuɓuta daga zargin da ya yi wa masu yoga.

Akwai abin da zai ja hankalin manazarcin adabin Musulunci a nan. Ɗaya daga cikin littattafan da ake karantawa a zawiyyoyinsu shi ne Paras Bhag, wanda fassara ce ta Kimiya'us Sa'ada, littafin da Imam Ghazali ya rubuta da Farisanci a matsayin taƙaitawar Ihya'u Ulumiddin. Ke nan malamin da zaurukan karatun ƙasar Hausa suka daɗe suna dogaro da shi a babin zuhudu da tsarkake zuciya, shi ne wata ɗariƙar Sikh ta ɗauka ta mayar cikin rubutun Gurmukhi. Wannan bai zama baƙon abu a addinin ba, domin Guru Arjan da kansa ya sanya baitocin Shehu Farid na ɗariƙar Chishtiyya fiye da ɗari a littafi mai tsarki da ya tattara a 1604. Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, cibiyoyin ɗariƙar sun yi ƙaura zuwa gabas, babbar cikinsu na Goniana Mandi a gundumar Bathinda.

4.4 Nihang

Nihang, waɗanda a da ake kira Akali, 'yan Khalsa ne cikakku, zuhudunsu kuma na mayaƙi ne. Suna sanya shuɗiyar riga da dogon rawani da aka jera wa zobban ƙarfe masu kaifi na jifa. Masu tsanantawa a cikinsu ba sa ci ko sha sai a ƙwaryar baƙin ƙarfe, ba sa kuma cin girkin wanda ba ɗan Khalsa ba. Da yawa daga mazauna sansani ba sa aure, ba su da gida sai inda rundunar ta ya da zango da dawakanta. Tsarin rundunoninsu ya koma ga zamanin Nawab Kapur Singh, wanda a shekarun 1730 ya kasa mayaƙan Khalsa gida biyu: Budha Dal ta dattawa da Taruna Dal ta matasa. Baya ga Guru Granth Sahib, suna girmama Dasam Granth da Sarbloh Granth.

Rashin abin duniya ya ba su ikon faɗa wa sarki gaskiya. Akali Phula Singh, wanda ya mutu a yaƙin Naushera a 1823, ya taɓa kiran Maharaja Ranjit Singh gaban Akal Takht, kujerar hukunci ta al'umma a Amritsar, ya yanke masa horo, sarkin kuma ya miƙa wuya. Sai dai wasu al'adunsu na jawo musu suka, musamman abin shan da suke haɗawa da ganyen wiwi, wanda ƙa'idar rayuwar Sikh ta zamani ta hana.

Masu nazarin karin harshen rukuni za su sami abin dubawa a salon maganarsu. Sun ƙirƙiri kalmomin da ke juya wahala ta zama alfahari. Mutum ɗaya ana kiran sa sawa lakh, wato dubu 125. Gasasshen wake ana ce masa badam, sunan wani ɗan itace mai tsada. Albasa ita ce rupa, wato azurfa. In abinci ya ƙare sai a ce ɗakin girki ya yi maye, in mutum ya mutu a ce ya fita yaƙi. Wannan sara ta taso ne a shekarun gudu da yunwa na ƙarni na 18, aikinta kuma shi ne hana harshe furta gazawa.

5.0 Daga Waƙafi Zuwa Kotu

Ranjit Singh ya kama Lahore a 1799, ya yi mulki har 1839. A zamaninsa an ba wuraren ibada da zawiyyoyi filaye masu yawa da ba a karɓar haraji a kansu. Da Turawan Ingila suka mamaye Punjab a 1849, jami'ansu sun rubuta da yawa daga filayen da sunan shugabannin wuraren, waɗanda ake kira mahant. Amana ta koma mallaka. Wasu shugabannin suka yi aure, suka gadar wa 'ya'yansu kujera da gonaki, jama'a kuma ba ta da ikon tsige su.

A daidai wannan lokaci ƙungiyar gyara ta Singh Sabha ta bayyana a Amritsar a 1873, sannan a Lahore a 1879. Reshen Lahore ya dage cewa Sikh addini ne mai zaman kansa, matsayin da Kahn Singh Nabha ya kare a ɗan littafinsa Ham Hindu Nahin. A idon masu gyara, gumakan Udasi da Vedantar Nirmala ƙofofi ne da addinin Hindu zai haɗiye su ta ciki. Harjot Oberoi, a littafinsa na 1994 kan gina iyakokin addini, ya nuna cewa a wannan zamani ne aka taƙaita al'ada mai rassa da yawa zuwa siffa guda. Wasu masana Sikh sun yi masa raddi da cewa masu gyara sun dawo ne da abin da jagororin suka koyar tun farko.

Rikicin ya kai ga zubar da jini. A 1920 aka kafa kwamitin kula da wuraren ibada da jam'iyyar Akali Dal. Ranar 20 ga Fabrairun 1921, 'yan bangar Mahant Narain Das suka kashe masu neman gyara fiye da ɗari a Nankana Sahib, mahaifar Nanak. Dokar wuraren ibadar Sikh ta 1925 ta miƙa manyan wuraren ga zaɓaɓɓen kwamiti, ta kuma shar'anta cewa wanda ake tababar addininsa ya furta imani da jagorori goma da littafi, ya kuma tabbatar ba shi da wani addini. Don su riƙe zawiyyoyinsu, Udasi da dama suka shaida wa kotu cewa su ba Sikh ba ne, majalisar ƙoli ta shari'a da ke Landan kuma ta amince da haka a 1936.

6.0 Sakamakon Nazari

Na farko, zuhudu a waɗannan ɗariƙu ba iri ɗaya ba ne. Udasi sun bar aure da sana'a, Nirmala sun bar aure don ilimi, Sewapanthi sun bar aure suka riƙe sana'a, Nihang kuma sun bar zaman gida suka riƙe makami. Gwargwadon kusancin kowace da ginshiƙan Nanak da alamomin Khalsa, gwargwadon yadda ta tsira daga guguwar gyara. Shi ya sa Nihang da Sewapanthi suka ci gaba da zama a cikin al'umma, Nirmala suka tsaya a bakin iyaka, Udasi kuwa mafi yawansu suka koma ƙarƙashin inuwar Hindu.

Na biyu, karɓuwar da suka samu ta fito ne daga aikin da magidanci ba zai iya yi ba a lokacin tsanani. Mai iyali da gona ba zai tsare wurin ibadar da aka yi wa kawanya ba, ba zai kuma share shekaru a Banaras ba.

Na uku, dukiyar da aka ba su don girmama zuhudunsu ita ce ta zubar da hujjar wannan girmamawa. Ya kamata a lura cewa ba duk mahant ne Udasi na gaskiya ba, ba kuma duk Udasi ne suka ci amana ba, amma hukuncin jama'a ya hau kan ɗariƙar baki ɗaya.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsofaffin ɗariƙun Sikh sun tsaya tsakanin koyarwar da ta fifita magidanci da yanayin tarihin da ya buƙaci marar iyali. Dokar 1925 ta ƙwato wuraren ibada daga hannun masu gadon kujera, amma ta bar wani giɓi a fagen ilimi. Rubuce-rubucen hannu da sharhohi da ƙamusoshin da Udasi da Nirmala da Sewapanthi suka samar suna cikin tushen da ake fahimtar tsohon harshen Guru Granth Sahib da shi, alhali zawiyyoyin da suka adana su ba sa cikin tsarin da ke tafiyar da addinin a yau. Ga manazarcin Hausa, fage mafi kusa shi ne kwatanta yadda Paras Bhag ya sarrafa kalmomin Ghazali na zuhudu da tawakkali da sanin kai, da yadda malaman ƙasar Hausa suka sarrafa su a waƙoƙin wa'azi na ajami. Irin wannan nazari zai bayyana abin da ke saura da abin da ke sauyawa idan littafi ɗaya ya shiga harsuna biyu da addinai biyu.